Ƙwarangwal ɗin Lissafin Gado

Ikeja, Legas
Maris, 2003

Ubaidullah,

Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan rabona da Wudil, tun soja ba su sauka ba. Ina fatan kana lafiya, da Inna, da ƙanwarmu Radiyya. Ni dai ina nan ina gyaran kwamfutocin mutane, ana kirana aboki kamar ba a raɗa mini suna ba.

Faifan da ke cikin ambulan nan shi ne aikin da na daɗe ina gaya maka: ma'ajiyar lissafin gado, wadda duk mai rubuta manhaja zai ɗauka ya yi gini a kanta. Yanzu ƙwarangwal ne kawai. Ka buɗe shi a shagonka, ka cike gurbin suna da adireshi, ka rubuta bayanin yadda ake girka shi, ka bar lasisin da na zaɓa. Sannan ka je wajen Malam Ɗantani ya ba ka mas'alolin gado da amsoshinsu, su ne gwajinmu. Sai ya ci su duka za mu ɗora shi a intanet. Lissafin da ke ciki na riƙon wuri ne, raba daidai kawai yake yi. Kar ka yi wa kowa lissafi da shi, na san ka da rawar kai.

Ka gaida Inna.
Yayanka, Haladu

Wudil
Afrilu, 2003

Yaya Haladu,

Bayan gaisuwa mai yawa, Inna ta ce wai ko Legas ɗin aurenka ta yi?

Aiki ya kankama! Na cike komai, yanzu duk takardar da firinta ta fitar, sunanka da adireshin gidanmu na ƙasanta kamar na babban kamfani. Malam ya ba ni mas'ala tara, ga su a faifan da na haɗo. Biyu sun wuce gwajin, sauran aikinka ne.

Har mun yi kwastoma. Hansai ta Darki ta zo buga takarda, ta ji ina ba abokaina labari. Babansu ya rasu ya bar fadama, yayanta Isyaku ya hana a raba. Ta yi ta kuka, sai na shigar mata da maganar a kwamfuta, lissafin ya fitar da rabi da rabi, na buga mata a takarda. Na ce mata gwaji ne fa, ta ce to. Kar ka yi faɗa.

Ƙaninka, Ubaidu

Wudil
Mayu, 2003

Yaya,

Assalamu alaikum. Ni ce Radiyya. Ubaidu ba zai iya rubutu ba.

Hansai ta kai takardar nan Darki, ta kafa turaku a tsakiyar fadama. Ashe Isyaku shi ne shugaban 'yan bangar Kansila Maikano, waɗanda aka raba wa adda lokacin zaɓe ba a karɓe ba. Ranar Juma'a, kasuwa na ci, suka cika mota suka zo shagon. Na kai wa Ubaidu abinci, ina ciki.

Isyaku ya manna masa takardar a fuska, ya ce, "Kai ne alƙalin da ya daidaita mace da namiji a gonar ubana?"

Ubaidu ya ce, "Wallahi gwaji ne."

Isyaku ya ce, "To mu ma gwaji za mu yi. Da wanne ka buga?"

Biyu suka danne hannunsa na dama a kan tebur, Isyaku ya dinga sauke masa gora har na daina jin ƙarar ƙashi. Na rungume ƙafarsa, ya yi ƙwallo da ni, haƙorina ya fita. Suka juye man janareta a kan kwamfutar suka ƙyasta ashana. Masu tsire ne suka jawo mu waje.

Daga nan suka bi adireshin zuwa gida suna kiran sunanka. Suka sassare ƙofa, Inna ta faɗi a bakin rijiya. Ita ma Hansai an fasa mata kai. 'Yan sanda sun ce mu je mu sasanta.

Likita a Kano ya ce sai an yanke daga wuyan hannu. Inna ta ce kar ka zo, kai suke nema.

Ƙanwarka, Radiyya

Ikeja
Yuni, 2003

Ubaidu,

Amincin Allah ya tabbata gare ka. Radiyya ta karanta maka a hankali.

Ba zan yi faɗa ba. Ka yi wauta, amma ni na ajiye abin da ke ba da amsa alhali bai san komai ba. Na cire shi, yanzu ko an tambaye shi shiru yake yi. Na goge adireshin. Isyaku ya fi mu gaskiya a lissafi, sulusi ne rabon Hansai, ku gaya wa Malam ya tsaya mata a kan sa. Hannunka kuwa, tsakanina da Isyaku sai gaban Allah.

Ba zan ɗora aikin a intanet ba sai kana kusa. Ga abin da ya tsira: faifai ɗaya a wajena, mas'ala tara, biyu sun wuce, da hannunka na hagu.

Allah ya ba ka lafiya.
Haladu