Katin da Ya Fito Wa Mai Agogo

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara, ya kuma sanyin wajenku? Mu nan sai godiya.

Ka tambayi jikin Baba. Wallahi da sauƙi, har na ji dariyarsa, wadda rabona da jin ta tun rasuwar Umma. Dalilin ne ba zai yi maka daɗi ba. Ka san mutumin nan mai baza tsofaffin littattafai a gefen tasha? A wurinsa Baba ya tsinto wani littafi mai yagaggen bango, na yadda ake duba da karta, irin wadda suke bugawa da amininsa Mai Agogo a bencin gaban shagon da yake gyaran agogo. Turancin ya fi ƙarfinsa, don haka in na taso daga kemis sai in zauna ina karanta masa ina fassarawa. Jan sarki wai dattijo ne mai son ka da alheri, baƙar sarauniya kuma bazawara ce mai baki biyu. Baba ya ce ai ya san ta, ita ce mai gidan hayar da ke bayanmu.

Na san abin da za ka ce, ni ma na faɗa masa babu kyau. Ya ce shi direba ne, ba boka ba, wasa yake yi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan titi, yanzu ba shi da abin yi sai kallon fanka, ban iya ƙwace masa ba. Har ya haddace fiye da rabin katunan, ni da nake karantawa ban riƙe ko goma ba.

A gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Auta


Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar Anti ta warware. Na ga saƙonka, kuma faɗan da ka yi mini na karɓa. Da ma tun farko na ji.

Abu ya faru. Baba ya fara gwadawa a kan mutane, ni, da mai wanki, da duk wanda ya shigo gaisuwa, ana ta raha. Rannan Mai Agogo ya zo da tarin nan nasa, ya zauna a kujerar Umma ya ce a duba masa ko zai ƙara aure. Baba ya cakuɗa, ya ba shi ya yanka, ya jera uku a kan tebur. Na tsakiya baƙi ne mai ɗigo tara. Ina tsaye da kofin shayi na ga fuskar Baba ta sauya, domin ni da bakina na fassara masa cewa wannan katin ciwo ne mai kai mutum kabari.

Mai Agogo yana dariya ya ce, "Direba, faɗi mana, ko amaryar ba ta da haƙori ne?" Baba ya tattara katunan ya ce kansa na ciwo, ya shige ɗaki.

Tun daga ranar bai ƙara taka bencin ba. In zai je masallaci sai ya zaga ta layin masu walda don kada ya bi ta gaban shagon. Ya ce mini ba zai iya kallon idonsa ba, gani yake kamar da hannunsa ya jawo masa. Na ce Baba, takarda ce fa aka buga a inji. Na koma wurin mai littattafan na samo wani littafin daban, a cikinsa katin nan jinkiri kawai yake nufi, kamar a riƙe maka saƙo a hanya. Na nuna masa. Ya juya shi a hannu, ya ce wannan siriri ne, na farkon ya fi shi ilimi.

Mai Agogo yana ta zuwa. Duk zuwan da zai yi, Baba sai ya ce in ce barci yake. Ni kuma sai in fita in faɗa, dattijon da ya goya mu yana tsaye a ƙofa da hularsa a karkace, yana leƙen takalman Baba a bayana. Ba ya musa mini. Yakan ce in ya tashi a gaishe shi.

Don Allah ka kira Baba ka yi masa magana, ko zai ji taka.

Taka,
Auta


Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, rasa ta inda zan fara na yi.

Mai Agogo ya tashi daga garin nan. Idonsa ya daina ganin ƙananan kusoshin agogo, sai babban ɗansa ya zo ya ɗauke shi zuwa garin da yake aiki, tafiyar yini guda a mota. Tarin kuwa ashe ƙura ce, ni na ba shi maganin a kemis, kuma ya warke sarai. Ranar da ya zo na ƙarshe sanye yake da babbar riga, amma ban kawo komai a raina ba. Na ce masa barci Baba yake. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce Allah ya yi mini albarka, ya juya. Sallama ya zo yi, Yaya, ni kuma na tare ƙofa.

A bakin mai walda Baba ya ji. Ya fita ko hula bai sa ba, ya tarar wani yaro mai gyaran waya yana fenti a shagon, an jingine bencin a jikin bango ƙafafu a sama. Da ya dawo ya ɗauki littattafan biyu da kartar ya zuba a kwandon shara. Bai ci abinci ba ranar.

Jiya na samo lambar ɗan. Da aka miƙa wa Mai Agogo wayar, abin da ya fara tambayata shi ne, "'Yata, me na yi wa Direba?" Ashe duk watannin nan yana ta lissafin laifinsa, har ya ɗauka zaman da ya yi a kujerar Umma ne ya ɓata wa Baba rai. Na sa wayar a hannun Baba na buɗe muryarta.

Baba ya faɗa masa komai, yana yi yana tsayawa. Mai Agogo ya yi dariya har sai da ya shaƙe, ya ce jiya ma da ƙafa ya kai jikokinsa makaranta. Na ga kafaɗun Baba sun sauka, na ce shi ke nan an wuce wurin. Sai dariyar ta yanke. Ya ce, "To Direba, tsaya in tambaye ka. A ce mutuwar zan yi da gaske. Shi ne ka gudu ka bar ni?"

Baba ya riƙe wayar yana kallon ƙasa. Yana nan a haka har ɗan ya karɓi wayar daga can ya ce mini sai an jima.

Da safen nan Baba ya ce in tambaye ka yaushe za ka samu hutu, yana so ka kai shi wurin Mai Agogo. Na ce me zai faɗa masa in ya je. Ya ce bai sani ba, zai dai zauna kusa da shi. Ni ma zan bi ku, ina da nawa neman gafarar.

Ka gaishe mini da Anti da yara. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta