'Yar Itacen da Na Ciro Daga Wuta

Yaya Adjara, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Akwai abin da na ɓoye a ƙasan akwatina wanda ya hana ni sukuni, kuma a kansa jini ya riga ya zuba a gidanmu.

Tun da aka rushe tsohon Zongo aka kwaso mu nan sabon, mijina Yacouba ya ba wata mata 'yar ƙabilar Mina hayar ɗaki. Sunanta Afiwa, kifi banda take sayarwa. Ba mu taɓa faɗa ba, har gyara take yi min in na sayi kifi. Tagwaye gare ta mata, ƙyanda ta ɗauke ɗaya bara, saura Akwele. To a al'adarsu, in ɗaya daga cikin tagwaye ya rasu sai a sassaƙa 'yar itace a madadinsa, ba ta fi tafin hannu ba. Wanka ake yi mata, a ɗaura mata duwatsun ado, a ajiye mata abinci, Afiwa kuwa a ƙugu take soke ta har kasuwa. Ni dai tsikar jikina tashi take yi in na gani. Na sha yi mata dariya tare da matan gida, kuma ba zan ɓoye miki ba, ni ce na riƙa yi wa ƙanen mijina Sabitu mita cewa an kawo mana gunki gidan da ake salla. Sabitu mahauci ne, ga shi da zuciya.

Ranar Juma'a da hantsi ya fito zai yi alwala, sai ya tarar Akwele ta ɗauki butarsa tana yi wa 'yar itacen wanka. Ya fizge 'yar itacen, ya wurga cikin murhun da nake suyar ƙosai. Yaya Adjara, ban taɓa jin ihu irin na Afiwa ba. Ta yi kansa, ta kafa masa haƙori a kunne, ba ta saki ba sai da ta ciro tsoka. Shi kuma ya zaro itacen wuta ya maka mata a baki, haƙora suka zube ƙasa, ya ƙara mata a hannu har na ji ƙarar ƙashi. Yarinyar tana tsaye tana kallo, ko kuka ba ta yi ba.

Kafin la'asar 'yan'uwanta masunta sun iso daga garinsu Baguida da adduna da filafilan kwalekwale. Suka ɓalle ƙofar gida. Sabitu ya riga ya tsallake katanga, sai suka samu mijina da bai san hawa ba bai san sauka ba, suka fasa masa kai, jini har kan tabarmar salla. Mahauta suka fito da wuƙaƙe, aka datse wa wani masunci yatsu. Da masu kaki suka zo, duk wanda suka samu duka, suka loda su a mota. An dai sako su. Afiwa ta koma Baguida, amma mahauta na wasa wuƙa a fili suna cewa ba a gama ba, can ma an ce haka suke faɗa.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, ana cikin dambe na sa hannu a wuta na ciro 'yar itacen. Ban san me ya sa ba, har yanzu yatsuna ba su warke ba. Gefe ɗaya ya ƙone, amma fuskar na nan. Jiya wata mai kifi ta gaya min Akwele ta daina cin abinci, ta rame, danginsu sun ce za ta bi 'yar'uwarta, kuma in ta mutu sai sun ƙone mana gida. Mijina ya rantse in na taka gidan arnan nan, a bakin aurena. Ina tsoron in mayar in faɗa shirka, ina tsoron in jefa a masai yarinya ta mutu a wuyana. Yaya zan yi?

Mai ƙosai, sabon Zongo

'Yar'uwa mai ƙosai,

Na bi wasiƙarki ina neman wanda ya yi hankali a ranar nan. Mutum ɗaya na samu, ke, lokacin da kika sa hannu a wuta.

A mayar wa Afiwa kayanta. Ba wanda ya ce ki durƙusa wa itace. Mayar wa mutum abinsa amana ce, ki tambayi duk malamin da kika yarda da shi. Ban ga laifinki ba don zuciyarki ba ta karɓi abin ba, addininki ne, kuma butar alwala ba kayan wasa ba ce. Sai dai buta wanke ta ake yi. Abin da Sabitu ya jefa a wuta kuwa, a idon Afiwa ɗiyarta ce, a idon Akwele wadda suka kwanta ciki ɗaya. Kafin mu cika baki da kalmar arna, mu tuna mu ne muke saya wa tagwaye komai iri ɗaya don kada su yi fushi su turo mana kunama. Namu mun yi masa suna al'ada.

Masuntan ma ba su da gaskiya. Sun fasa kan mutumin da bai taɓa kowa ba, fushin mijinki na da dalili, don haka kada ki fita a ɓoye. Ki buɗe akwatin a gabansa, ki nuna masa yatsunki, ki gaya masa har da mitar da kika yi. Shi ya hana ki zuwa, to ba sai ke kin je ba. Ki samu dattijuwar da yake jin nauyinta ta kai maganar gun liman da sarkin fawa, su ne za su iya mayar da wuƙaƙen nan mayanka inda aka san amfaninsu. Sai a naɗe 'yar itacen a ƙyalle mai tsabta, manyan mata su kai Baguida da rana tsaka tare da mai jin Mina, su ba da haƙuri, su nemi a zauna kan raunukan kowa. Abin da dangin Afiwa za su yi wa 'yar itacen a al'adance nasu ne, ba ruwanku. Amma a roƙe su su kai Akwele asibiti. Yarinyar da aka fasa wa uwarta baki a gabanta ba sai da aljani za ta ƙi abinci ba.

Sabitu ya bar unguwar na ɗan lokaci, ya je ya yi jinyar abin da ya rage na kunnensa. In mazan sun taurare, ki tuna musu motar masu kaki. Kullum ana koya mana a filin taro cewa duk mu ɗaya ne, ban ji inda aka aikata hakan sosai ba sai a bayan motar nan.

Kada ki jira wata Juma'ar, yarinya ba ta ci, yau za ki yi magana. Allah ya ba Yacouba da Afiwa lafiya, ya raya Akwele, ya sanyaya zukata.

Yayarki, Adjara