Sunansa a Bangon Rahotona

Dakoro, daren Juma'a.

Shekara huɗu ina baro jami'ar da nake aiki duk ranar kasuwa, ina buɗe bakin awaki, ina rubuta cututtukan da makiyaya ke gaya mini. Ba wanda ya aike ni, son aikin ne kawai.

Yau shugaban sashenmu ya kawo baƙi kasuwar dabbobi, riƙe da rahotona, sunansa a bango. Da suka tambaya ko ni wane ne, ya ce, "Ɗan gari ne, yana yi mana tafinta."

Arɗo Bello, wanda ya fara yarda in taɓa garkensa, ya dube ni: "Malam, ashe ɗan aikensa ne kai?"

Litinin zan shiga biro, wato ofis, in tashi lokacin tashi kamar kowa. Awaki kuwa, shugaban ya zo da kansa ya buɗe bakinsu.