Talo-talon Inna

Doguwa, 4 ga Yuni

Zuwa ga ƙanena Mas'ud,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Ramla da yara da mutanen Bebeji. Mu nan sai godiya, ruwa ya sauka, an fara shuka.

Na karanta takardarka sau biyu, na biyun da tabarau. Kana son filin bayan gidanmu ka gina wa fararen talo-talon kamfani ɗaki, kuma kamfanin ya ce kada a bar tsuntsun gida ko ɗaya a kusa, don kada ya shafa wa nasu cuta. Watau in yanka talo-talo goman da Inna ta bari.

Ba zan yanka ba. Irin nan a cikin kwando Inna ta zo da shi daga Riruwai ranar da aka kawo ta amarya. Sun ga shekarar fari, sun ga annobar da ta share kajin unguwa, suna nan suna kwana a kan tsamiya. Naka kuwa na karanta labarinsu a littafin da ka haɗo mini. Namijin ƙirji ya yi masa yawa har ba ya iya barbara, sai ma'aikaci ya zo da sirinji ya taya shi. Mas'ud, kunyarsa ta kama ni. Macen kuma ba ta kwanci, kullum sai ka koma kamfani neman 'yan tsaki.

Ka gaida kowa.
Yayanka, Badamasi

Doguwa, 19 ga Yuni

Ƙanena Mas'ud,

Bayan gaisuwa, ina fata ka isa gida lafiya, naman ma bai lalace a hanya ba.

Rannan da ka zo, girman Baffa na duba. Ka kai ƙarata wurinsa, ya ce tsuntsaye ma gado ne, a raba: huɗu naka, huɗu nawa, biyu na 'yar uwarmu Hajara, kuma ƙarami ya fara zaɓa. Gaskiya ya faɗa, ban ja ba. Ka fara cafke Mai Unguwa, namiji ɗaya tal da muke da shi, wanda Inna take ba wa dawa a tafin hannunta. Na gane dabararka. Babu namiji, iri ya ƙare, in gaji in sayar da matan, fili ya zama naka. Sauran ukun naka, sai da ka ɗora matan a sikeli ka ɗebi masu nauyi. Ukun da ka zaro daga ƙarƙashin rumbu, ramammu, ƙirji ba gashi, suna ta huci, ka ce wa Baffa ciwo gare su, ko kyauta ba ka so.

Da aka kwantar da Mai Unguwa za a yanka, ɗaki na shige. Ba zan ɓoye maka ba, na yi hawaye, ni da furfurata, a kan tsuntsu.

Matan suna nan a filin, kuma nan za su zauna.

Yayanka duk da haka, Badamasi

Doguwa, 3 ga Yuli

Mas'ud,

Assalamu alaikum. Yaya iyali, yaya damina? Albishirinka.

Ramammun nan uku lafiyarsu ƙalau, kwanci suke yi. Mai kwanci ba ta ci sai kaɗan, gashin ƙirjinta kuma zubewa yake don ƙwai ya ji ɗumi. Da ka sunkuya ka leƙa ƙarƙashin rumbun da ka gani, amma littafinka ba shi da wannan babin. Ni kuma na kame bakina, kada ka ce wa Baffa ƙwai ma gado ne. Mai Unguwa ya gama aikinsa kafin ka iso, ba tare da sirinji ba.

Shekaranjiya suka ƙyanƙyashe, ashirin da shida. Baffa ya zo ya gani, ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce ɗan tsako uwarsa yake bi. Hajara ta bar mini nata kiwo. Ka faɗa wa kamfani su nemi wani filin.

Tun ranar rabo ba ka kira ba, ba ka rubuto ba, abin yana damuna. Inna ba ta taɓa hana ɗan gida iri ba. In sun yi gashi zan ware maka biyu, mace da namiji. Ka zo da kwando, ka bar sikelin a Bebeji.

Ka gaida Ramla da yara.
Yayanka, Badamasi