Tabarmar da Na Bar Muku Rabi

Ni Fuatino, matar marigayi Lemoe, ina rubuta wannan da hankalina garau, cikina cike da gwaza da kifi. Likita ya ce zuciyar ta gaji. To, ta yi aiki ai! Kada wanda ya yi mini kuka tun yanzu, ni daɗi nake ji.

Na ɗaya. Gida da itatuwan kwakwa na dangi ne, ba a rabawa. Ƙa'idarsu guda: in an kaɗa ƙararrawar addu'ar yamma, kowace waya ta shiga kwandon bakin ƙofa har a gama cin abinci. Har ta fasto in ya zo.

Na biyu. Pelenato, autana da ke birnin Okland, karɓi wayar da ka aiko mini. Ka ce in riƙa ganin duniya. Na gani, ɗana: wa'azi, rawa, tallar magani, gobarar ƙasashen da ban san sunansu ba, har na ƙona tukunya na ɓata saƙa. Tun daga nan nake danne kabar saƙa da ita in iska ta taso. Ban taɓa samun madanni kamarta ba, Allah ya yi maka albarka. Kai kuma ka riƙa kiran yayyenka da murya, ka bar tura musu hoton fure.

Na uku, shi ne babba. Sinalei da Tausala, 'ya'yana mata, kun daina magana, kuma na san mafarin. Tausala ta sa labarin baikon 'yarta Leitu a zauren dangi na waya, hotuna da gaishe-gaishe suka binne shi kafin rana ta faɗi. Sinalei ta ji a bakin wata a kasuwar Apia, ta ce an mai da ita bare. Tausala ta ce yayarta ta gani ta share. Dukanku kuna da gaskiya, dukanku kuma sakarkaru ne. Lokacin baikona, babata jirgin ruwa ta shiga, ta zauna a gaban yayarta, sannan ta faɗa. Babban labari da ƙafa ake kai shi.

Na huɗu. Lallausar tabarmar bikin Leitu tana naɗe a akwatina, rabi kawai na saƙa, daga tsakiya. Kun yi ta cewa idona ne ya mutu. Idona ƙalau, ni na tsaya da gangan, kuma na sha dariya ni kaɗai. Ba za mu aurar da yarinya babu tabarma ba, ba saye, ba aro. Mutum ɗaya kuma ba za ta gama kafin biki ba. Sinalei, kama gefen dama, Tausala, hagu. Saƙa hannu biyu take ci, ba a bar wa waya ko yatsa ba. Baki ne kawai ba shi da aiki, sai ku san yadda za ku yi da shi. Ku yi faɗan ma in kuna so, ni dai a yi shi ido da ido.

Allah ya albarkace ku da jikokina, ya riƙe gidan nan a haɗe. Ku ci gaba da saƙa, kowa na matsowa. Ranar da gwiwoyinku suka haɗu a tsakiya, ranar zan huta.