Tankin Ban-ɗaki a Bakin Teku

Daren Lahadi, Ɗan Iya.

Alhamdu lillahi, mun dawo daga ziyarar karatu, kowace yarinya ta koma hannun iyayenta. Ƙafafuna sun kumbura, amma hankalina ya kwanta.

Jiya a bakin teku na ga ta kaina. Tankin ban-ɗakin motar da muka yi haya ya cika, wari ya hana yara cin abinci. Direba Malam Sabo ya ce, "Malama, ga ruwa iya ganinki, in juye tankin a ciki kawai mana." Gefenmu kuwa mata ne ke wanke kifi. Ni da na shekara ina koyar da tsabtar ruwa! Yara duk suka zuba mini ido.

Na hana shi, alhali ban san mafita ba. Gidajen man da muka roƙa su bar mu mu juye tankin duk sun sallame mu. Can na tuna Maman Chidi, maƙwabciyarmu mai shago, 'yar yankin ce. Da na kira ta sai dariya: "Malama, tsarabar da kika kai garinmu ke nan?" Ta turo ƙanenta mai motar yashe masai, ya zuƙe tas.

A hanyar dawowa wata ɗalibata, Hauwa, ta ce, "Malama, to namu na makaranta ina ake kai shi?" Wallahi ban sani ba. Gobe tare za mu je mu tambaya.