Inda Fuskar Babba Take

Litinin, 5 ga Agusta 2024
Ƴata Balkisa ta kwaso mashin ɗinta daga shago ta kawo gida, rufin can yana yoyo. Shi ne mai cin zaren roba, ya narkar da shi, ya yi ta ɗora layi kan layi har abu ya tashi tsaye. Marfin famfo take yi wa mutane da shi, da maɓallin rediyo. Yini yake yana kuka a zaure, kukan bai yi kama da na ƙarfe ba. Ta ce za ta yi mini hoton da sai an ɗaga shi a rana ake ganin mutanen ciki. Na ce wanne? Ta ce na Sallar nan, wanda yayanta ke ciki.

Na juya na ci gaba da shara.

Laraba, 7 ga Agusta
Bara ina fita makarantar yaƙi da jahilci malama Sa'a ta ce mu riƙa rubuta abin da ya tsaya mana a rai. To ga shi. Ɗan farina, Babba nake ce masa, tun da aka yanka ragonsa bakina bai kama sunansa ba, haka muka tarar. Ya tafi Jado haƙar zinariya. Damina biyu ke nan in an kira talho ɗinsa, wato wayarsa, ba ya shiga.

Abin da ban gaya wa kowa ba: fuskarsa ta soma ɓace mini. Kunnuwan ina gani, da wuyan rigar. Tsakiyar ce babu.

Juma'a, 9 ga Agusta
Hoton ya fito. Farin faranti ne kamar tafin hannu biyu, duk gargada, ba ka ganin kowa. Balki ta ɗaga shi a bakin ƙofa da hantsi, sai ga mu. Ni, ita, marigayi babansu da rawaninsa, har zanen tabarma.

Babba yana tsaye a gefe. Hula, kunnuwa, wuyan riga. Inda fuskar take rami ne, zare-zare sun gitta shi kamar saƙar gizo. Ta cikinsa na hango bishiyar bedin tsakar gida.

Daidai yadda nake ganinsa in na rufe ido.

Asabar, 10 ga Agusta
Ta sake wani. Ramin dai, a wurin dai.

Talata, 13 ga Agusta
Balki ta zaunar da ni gaban ordinata, wato kwamfuta. Wai inda hoto ya fi haske nan farantin ya fi siranta, don rana ta ratsa. Ranar Sallar shi kaɗai ne ya tsaya a rana, mu muna inuwa. To wurin fuskarsa ya fi bakin mashin ɗin siranta, sai mashin ya tsallake.
"Ba ya iya zana abin da bai kai kaurin bakinsa ba, Inna. Ko ke da ludayi ba kya ɗiga kwalli."
Na ce to me ya kai shi rana shi kaɗai?
"Shi ya jingina talhon don ya ɗauke mu, ya rugo ya tsaya. Ke ma kin sani."
Na sani. Sanin bai rage komai ba.

Na rataye na farkon a tagar ɗaki. Haske yana bi ta ramin ya sauka a bango, ɗan kewaye kamar bakin kofi. Tafiya yake. Da la'asar ya gangaro, ya zauna kan tabarmar Babba da ke naɗe a lungu.

Alhamis, 15 ga Agusta
Mashin ya soma wani ƙas-ƙas, kamar mai tauna aya a bayan ƙofa. Maƙwabciyata Kaltumi ta ji, ta tsaya a zaure ta ƙi shigowa. "Hawa, abin nan naku da wa yake magana?" Balki ta yi dariya, ta ce zaren ne ya sha laimar damina, ruwan ke tafasa a baki yana barin ƙananan huda. Ta sa shi a tukunya mai marfi, ta ɗora kan rairayi mai zafi.

Sai muka yi faɗa. Ta ce za ta gaya wa ordinata kada ko'ina ya kasa layi biyu, ta rage gudun mashin, a rufe taga kada iska ta taɓa. Na ce kada ki toshe abin da aka nuna mini.
"Wa ya nuna miki, Inna? Roba?"
Daga nan ita ce ta yi kuka, ba ni ba. Ashe ita ma tsoron ɗaga shi take.

Lahadi, 18 ga Agusta
Yini guda ya yi yana ginawa a hankali. Na zauna ina kallo, ya taso daga ƙafafu, ya zo ƙirji, ya zo haɓa. Nan na tashi na shiga madafa.

Litinin, 19 ga Agusta
Fuskar ta fito. Duka. Hancin, da tabon da akuyar garin Gidigir ta yi masa a gira, wallahi na manta da tabon nan. Sai dai ya yi duhu, kamar shi ma ya shigo inuwa wurin babansa. Balki ta ce kaurin ne kawai.

Na cire mai ramin, na rataye wannan. La'asar ta yi, babu abin da ya sauko kan tabarma.

Alhamis, 22 ga Agusta
Sabon yana cikin akwati, na naɗe shi a zanen aurena. Ina duba shi da safe. Mai ramin na mayar taga.

Yau ban je tasha duban motocin arewa ba kamar yadda na saba. Ƙafa ce ke ciwo. Na shimfiɗa tabarmar, ai ta daɗe a naɗe, kada gara ta ci. Da hasken ya iso na matsa masa.

Hamidu.

Ban faɗa ba ai. Rubutawa na yi.